Ƙaramin mashin zai kai ka Mambila, shirin da ka kwafo a YouTube ne abin tsoro

1/ Zare ne mai tsawo, mai sauri ya adana shi sai ya nutsu.

Da mutum biyu nake. Mai cewa ba a doguwar tafiya sai da fawa bayik, da kuma wanda ya yarda ƙaramin mashin ya isa amma yake shirin kwaikwayon abin da ya ga Turawa na yi a bidiyo. Na farkon dariya yake ba ni. Na biyun shi ne yake hana ni barci.

2/ Mashin ɗin da nake nufi: inji 125 zuwa 150, dogayen ƙafafu, taya mai haƙora, irin wanda ake ba malaman gona, ya hau kwalta ya hau burji. Honda XR150L, Yamaha XTZ125 da ƙannensu 'yan Chana. Boxer da TVS ma na saka su a layi, don aikin da suke yi a karkararmu ya fi na wasu masu manyan sunaye.

3/ Mu ɗauki tafiya ta gaske don kada mu yi ta magana a iska. Daga Tsanyawa zuwa Gembu a kan tsaunin Mambila: Bichi, Kano, Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, Gombe, Kaltungo, Numan, Jalingo, Bali, Serti, sannan hawa. Ya haura kilomita 1,100. Zuwa kawai fa.

4/ "Ai injin zai ƙone a hanya." Haba malam. Wa yake ɗauko buhun masara daga Yankamaye ko Zarogi ya kai kasuwar Badume? Boxer. Ɗan acaɓan da ke cin kilomita 100 a rana, a wata guda ya yi 3,000. Ya je Gembu ya dawo ke nan har da canji, kuma da lodi, a rana, a ƙura, ba wanda ya ɗauke shi bidiyo.

5/ In sai da Bature za ka yarda, to ga shi. A 2009 wani ɗan Ingila, Nathan Millward, ya tashi daga Sidni ta Ostareliya ya nufi Landan a kan Honda CT110, mashin ɗin masu raba wasiƙa, injinsa bai kai na Jincheng ɗin yayanka ba in aka yi maganar ƙarfi. Wata tara yana tafiya, ya isa.

6/ Na san za ku kawo min Kunle Adeyanju, da ya taso daga Landan a Afrilun 2022 ya shigo Legas ƙarshen Mayu a kan Honda CB500X, yana yaƙi da cutar shan inna. Jarumi ne, ba musu. Amma in jira kake sai ka tara kuɗin irin wannan kafin ka ga bayan Wudil, to furfura za ta riga ka.

7/ Ku dubi nauyi. BMW GS Adventure da kuke saka hotonsa a sitatus ya haura kilo 260. XR150L wajen 130 ne. Ranar da ƙafar gaba ta nutse a yashi ka kwanta, kuma za ka kwanta, ƙaramin kai kaɗai za ka ɗaga shi ka karkaɗe wando. Babban sai ka jira Allah ya kawo masu wucewa, ka roƙi mutum uku.

8/ Sai gyara, nan ne gardamar ta mutu. Tsakanin Tsanyawa da Serti da wuya ka wuce gari babu bakanike a gindin darbejiya da ya san kafireta kamar tafin hannunsa. Fulogi, wayar kuloci, cen, duk suna rataye a shagonsa. Mashin mai kwamfuta a ciki kuwa, in ya yi fushi a Bali, sai ka kama haya kana jiran kaya daga Legas.

9/ Ko cikin ƙananan akwai abin lura. Ƙafar Boxer inci 17 ce, tub ɗinta ko'ina akwai. Ƙafar gaban XR150L 19 ce, ta XTZ125 kuma 21. Waɗannan ba kowane mai faci ne yake ajiye su ba. Ka sayi naka tun daga Kano, gaba da baya, ka cusa a jaka.

10/ Abin da ƙaramin bai da shi, gudu ne. Tsakanin Kano da Wudil, tirela za ta wuce ka iskarta ta kaɗa ka kamar kara. Ka riƙe 65 zuwa 75, ka tsaya gefenka, ka bar madubi a jikin mashin. Wannan al'adar cire madubi don gayu, ku bar wa masu yawon unguwa.

To, an gama da masu raina inji. Yanzu faɗan gaske.

11/ Me kake gani a bidiyon? Mutum sanye da baƙaƙen kaya, fuska a rufe, jarkar mai biyu a baya. Ya ga wata 'yar hanya ta yi daji, ya karkata ya bi. Rana ta faɗi ya kafa tanti shi kaɗai a bayan wani ƙauye, ya tashi jirgi mara matuƙi yana ɗaukar hoto. Kiɗa mai taushi na tashi. Ka ji ranka ya biya.

12/ Ɗauko hoton nan ka ajiye shi a ƙasarmu. A ƙarshen 2025 'yan bindiga sun tsallako daga ɓangaren Katsina sun shiga Shanono da Tsanyawa, sun ɗauki mutane a Biresawa, sun shiga Yankamaye. A kan me suka zo? Babura. Tun daga nan ƙarar mashin da dare ta canza ma'ana a kunnen mutanenmu. Maza suna kwana a bakin gari, ido biyu.

13/ Sai ga ka: dogon mashin, taya mai haƙora, ka naɗe fuska da rawani saboda ƙura, wando kalar sojoji, jarka a baya, abokai huɗu a jere, kun ɓullo ta bayan gari bayan magariba don taswira ta ce nan ne yanke.

Tsakani da Allah, in kai ne a bakin garin, me za ka ɗauka?

14/ Mu da muka san zafin abin a gida, mu ne ya kamata mu fi kowa ganewa. Irin kallon da za mu yi wa baƙon mashin a Dumbulum, shi za a yi mana a wani ƙauye a Taraba. Ba ƙiyayya ba ce. Tsoro ne, kuma mai tsoro ba ya tsayawa sauraron bayani.

15/ Ba mu manta Uromi ba. Maris 2025, mafarauta 16 sun taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah, aka tare motarsu a jihar Edo, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe su. Allah ya jiƙansu. Ba a babur suke ba, amma abin da ya ci su shi nake jiye muku: a yanke maka hukunci da kamanninka kafin ka buɗe baki.

16/ Saboda haka shirin farko ba na inji ba ne, na kama ne. Duk abin da ya yi kama da kakin soja, bar shi a gida. Sa riga mai haske, ɗora mai ƙyalli a kai irin ta ma'aikatan titi, ko da abokai za su ce ka zama ɗan KAROTA. Lamba a fili, a wanke. In za ka yi tambaya, kashe inji, cire hular kwano, yi sallama, a ga fuskarka tukuna.

17/ Kuma ku biyu, iyaka uku. Kai kaɗai akwai haɗari, in ka faɗi ba mai ɗaga ka. Ku goma a jere kuwa ba yawon buɗe ido kuka yi kama da shi ba.

18/ Ba mutanen gari kaɗai ke zargin babur ba, doka ma haka. Maiduguri ta hana shi a 2011. Kano ta hana goyo a kansa cikin birni a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A 2021 gwamnatin Masari a Katsina ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana mutum uku a kan babur, ta dakatar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi.

19/ Yola da Jalingo su ma sun taɓa hana shi a cikin gari. Irin waɗannan dokoki yau a sassauta, gobe a tsaurara, wani lokaci sanarwar rediyo ɗaya ce. Bature mai bidiyo bai san da su ba, Google Maps bai san da su ba. Jami'in da zai kama maka mashin a shataletale ya sani. Kafin ka shiga kowane babban gari, tambaya.

20/ Tunda an zo kan Google Maps. Yana da amfani, ka sauke taswirar a waya tun akwai sabis. Amma shi gajeriyar hanya ya sani. Bai san wadda motocin haya suka daina bi ba, bai san gadar da ruwa ya ci ba, bai san dajin da ba a ratsawa bayan azahar ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, kakanninmu ba su faɗe ta don ado ba.

21/ Taswirar gaske tana tasha. Direbobin haya, 'yan kamasho, mai shayin bakin tasha, mai faci. Amma ka iya tambayar. In ka ce "hanya lafiya?" amsar "lafiya lau" ce, ko da an tare ta jiya, don Bahaushe ba ya yi wa matafiyi mugun baki.

22/ Ce masa: "Maigida, yau da safe motoci sun fito daga can?" "Ƙarfe nawa kuke daina lodin Jalingo?" "Kai in kai ne, ina za ka kwana?" A nan gaskiya take fitowa. In direba ya ce su daga ƙarfe uku ba sa lodi, ba ƙarancin fasinja yake gaya maka ba.

23/ Wata dabarar direbobi: hanya mai mota, ka yi tafiya mai tsawo ba abin da ya taho daga gaba, ko keke. Kada ka ce alhamdulillahi titi ya zama naka. Tsaya a gari na kusa, jira har wata mota ta ɓullo, ka ji labari.

24/ Abin haushin ma, mu ne za mu koyi shirin tafiya wajen wani? Fatakenmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, har Salaga ta ƙasar Gana ta yau, watanni a hanya, da jakuna. Akwai madugu, akwai jagaba mai sanin hanya. Ba nisa suke ƙirgawa ba, zango suke ƙirgawa: ina ruwa, ina kasuwa, wane sarki za a gaisar, ina za a sauke kaya kafin rana ta faɗi.

25/ Yi irin lissafinsu. Allon gudu zai nuna maka 70, amma in ka haɗa shingaye, ramuka, sallah, shan mai da miƙe baya, abin da kake ci a awa bai kai haka ba ko kusa. Ka tashi bayan asuba gari ya yi haske, ka sauka da la'asar. Abin da za ka samu 250 ne zuwa 300 a rana mai kyau. Mai ce maka zai yi Gembu a kwana biyu, gadon asibiti yake yi wa sauri.

26/ Ni ga yadda zan yanka ta: Birnin Kudu, Bauchi, Gombe, Jalingo, Serti, Gembu. Kwana shida. Ranar farko gajeriya ce da gangan, don a nan ɗaurin kaya zai nuna halinsa, kuma cunkoson Kano zai ci maka awa. In ka isa da wuri, je ka ga zanen mutanen da a duwatsun Birnin Kudu, da yawanmu a littafin firamare kawai muka san shi.

27/ Ranar Gombe zuwa Jalingo ita ce mai tsawo, kuma titin Numan zuwa Jalingo ya daɗe yana cin mutuncin masu mota. Nan dogayen ƙafafun za su biya kuɗinsu. Ka ware kwana ɗaya ko biyu na banza a lissafi, don ranar da aka ce maka "yau kada ka wuce", ka iya zama ba tare da aljihu ya tura ka ba.

28/ Dare kuwa babu shi a shirin, ko kaɗan. Fitilar ƙaramin mashin ba ta nuna rami sai ka shiga. Ga tirela da ta lalace a tsakiyar titi an jera mata ganye a madadin fitila. Ga shanu. Ga wanda ya fi shanu.

29/ Tanti a daji, manta da shi. A ƙasar nan mai kwana a bayan gari shi kaɗai sunansa abin zargi. Kwana cikin mutane. Masauki mai arha in akwai. In babu, nufi masallaci, gaida liman, a kai ka wajen mai unguwa. A garuruwan da Hausawa suke baƙi, tambayi gidan Sarkin Hausawa. Ka faɗi sunanka, garinku, inda ka nufa. Baƙon da aka san da zuwansa, akwai mai tsaya masa.

30/ Kafin ka tashi, je wajen dagaci ko hakimi ka nemi 'yar takarda mai hatimi: wane ɗan wane ne, mutumin Tsanyawa, yawon ganin ƙasa zai je. Samari za su ce ƙauyanci. A shingen 'yan sa-kai, wannan takardar ta fi mabiyanka dubu hamsin amfani.

31/ Sauran takardu: rasit ɗin sayen mashin da sunanka ko takardar canjin mallaka, rajistar lamba, lasisin tuƙin babur, inshora, katin NIN. Lambar inji da ta jiki su yi daidai da abin da ke rubuce, duba da idonka. Mashin "na hannu" da ka saya ba takarda, a unguwa naka ne, a jihar wasu na sata ne har sai ka tabbatar. Yi kwafi biyu, asalin a leda a jikinka.

32/ A shinge, rage gudu tun daga nesa, ɗaga gilashin hula, hannu a fili, gaisuwa. Kyamarar kan hula a kashe, a cire ma. Ba wajen nuna ka san 'yancinka ba ne, ba wajen neman abin ɗorawa a TikTok ba ne. Mutumin nan ya yini a rana da bindiga yana jiran masu zuwa a kan irin abin da ka hau.

33/ Yanzu inda za ku ji haushina. "Ga mu a Ningi, gobe sai Bauchi, ku biyo mu kai tsaye." Wa kake gaya wa? Ka sanar da duniya hanyarka, lokacinka, kalar mashin ɗinka, da cewa kana da wayar da ta isa a yi bidiyo da ita. Ba masoyanka kaɗai ke da data ba. Ɗauki hotunanka, ɗora su bayan ka bar wurin da kwana biyu. Laik ɗin ba ya rubewa.

34/ Mutum ɗaya a gida shi zai san komai: zangon kowace rana, da lokacin da in bai ji ka ba zai fara kiran mutane. Layi biyu na kamfani daban-daban. Lambobi uku a rubuce a takarda, don waya tana faɗuwa, tana mutuwa, ana ƙwace ta. Kuma ka gaya wa mahaifiyarka gaskiyar inda za ka. Masu cewa "Kano zan je wajen aboki" su ɓulla a Taraba, ba wayo ba ne.

35/ Mai. Lissafa kilomita 35 a lita, da lodi da hawa, kada ka yarda da alƙaluman talla. Zuwa da dawowa da ɗan yawo, ka ce lita 70. Ninka da farashin yau, ba na bara ba. Wanda ya ga abin da ya biyo bayan 29 ga Mayun 2023, daga ƙasa da naira 200 har aka wuce dubu a 2024, ba sai an ce ya ƙara wani abu a kai ba.

36/ Tankin waɗannan mashina lita 10 zuwa 12 ne, wato wajen kilomita 350. Ya isa, ba ka bukatar jarka, kuma ka riga ka ji abin da jarka take jawowa. Tanki ya kai rabi, cika. In dole ta sa ka sayi na bumburutu, ɗaga kwalbar ka duba ta a rana, a tace da ƙyalle. Ƙaramar matatar mai a jikin tiyo ba ta da tsada, sa a ɗaura maka.

37/ Kuɗi a hannu, a raba wuri uku. Wanda ya rayu a farkon 2023 lokacin canjin naira ya san ranar da POS da turawa ta waya suke zama labari.

38/ Gyaran mashin sati biyu kafin tafiya, ba daren tafiya ba. Sabon cen da haƙoransa, birki, taya in ta sude, juyen baƙin mai. Sannan ɗaura duk kayan da za ka tafi da su, yi Kano ka dawo, ka ji me ke kaɗawa. Kuma zauna gaban mai faci ka cire ƙafar baya da hannunka, ka fitar da tub, ka mayar, har sau biyu. Biya shi kuɗin koyarwa. Ƙusa ba ta zaɓar kusa da gari.

39/ Kaya kada su wuce kilo 15. Tub biyu, kayan faci, famfo, ƙarafan cire taya, sifanun da suka dace da mashin ɗinka, filaya, fulogi, wayar kuloci, mahaɗin cen, litar baƙin mai, tocila, ruwa. Akwatunan ƙarfe na gefe da kuke sha'awa, nauyinsu kaɗai ya cinye rabin lissafin, kuma suna karya ƙafa in an faɗi. Jaka, leda mai kauri, igiyar roba ta tsohon tub. Mutanen Badume sun gama wannan binciken tuntuni.

40/ Injin nan iska ke sanyaya shi, kuma baƙin man cikinsa wajen lita ɗaya ne kacal. Kowace safiya kafin ka tayar: duba mai, taɓa cen, shafa masa mai, matsa taya, zagaya ka taɓa notuna. Minti biyar. Duk awa ɗaya da rabi ka tsaya, shi ya huce kai ka sha ruwa. Ka isa Jalingo, yi juye kafin hawa.

41/ Sai 'yan "in kwana ya ƙare ko da hula sai an tafi". Gaskiya ne ajali ba ya jira. Amma ban taɓa ganin mai faɗar haka ya bar shagonsa a buɗe ya tafi barci ba. A 2009 da aka tilasta hular kwano, ƙwarya wasu suka kifa a ka, duniya ta yi ta dariya. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa hula mai kyau, a ɗaure, tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin ɗari, mummunan raunin kai da wajen 70.

42/ A ɗaure, na ce. Wadda aka ɗora kamar hular zanna tana riga ka isa ƙasa. Takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu, wando mai kauri. Silifas da jallabiya sai zuwa masallacin unguwa.

43/ Lokaci: bayan an gama girbi, Nuwamba zuwa Fabrairu. Damina a Mambila tana da tsawo, jar ƙasar can in ta jiƙe sabulu ce. Hunturu ma da nasa, ranar da hazo ya sauka ka kunna fitila ko da tsakar rana. Kuma ka tafi da rigar sanyi ta gaske. Sanyin Tsanyawa na Janairu share fage ne.

44/ Hawan kansa daga Mayo Selbe yake farawa, kwana bayan kwana. Saman ya haura mita 1,500, iska ta yi sirara, inji yana rasa kusan kashi goma na ƙarfinsa a kowane mita dubu. Za ka ji mashin ya yi sanyin jiki. Bai lalace ba, kada ka bari a kwance maka kafireta. Sa giya ta biyu, bi a hankali, yi hon a kowace kwana.

45/ Saukowa ta fi hawa haɗari. Wannan ɗabi'ar tamu ta kashe inji ko sakin giya a gangara don tsimin mai, a can kisan kai ce. Birki kaɗai in ya yi zafi sakewa yake. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko, inji yana riƙe ka.

46/ Me ke can da ya kai wannan wahala? Tuddai kore har iyakar gani, shanu a cikin gajimare, gonakin shayi na Kakara, Nguroje da safe kana hura hannu. A ƙasa ka ratsa gefen Gashaka-Gumti, gandun dajin ƙasa mafi girma a Najeriya, inda Chappal Waddi yake, mita 2,419, ba tsaunin da ya kai shi a ƙasar nan. Turawa masu ratsa Afirka ta nan suke bi su shiga Kamaru ta Mayo Ndaga. Su sun tsallako teku, mu da ke da abin ko Bauchi ba mu wuce ba.

47/ Wani zai ce shi Nijar ya nufa, ai Maraɗi ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba. Haka ne, amma kusa ba ta nufin sauƙi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka har Maris 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta kammala fita daga ECOWAS. Su ma sun hana babura a Diffa a 2015, a sassan Tillaberi a 2020.

48/ In can ɗin ne, fasfo, katin rigakafin shawara, inshorar da suke karɓa, takardar shigar da mashin daga kwastan ɗinsu, sefa a aljihu. Ka auna hanyar Jibiya da ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Kongolam zuwa Matamaye da Damagaram, da irin tambayoyin tasha da na faɗa. Ta ƙofa za ka shiga a buga maka hatimi. Ɓarauniyar hanya ta masu fasa-ƙwauri ce, su sun san wa suke biya.

49/ "To ai ka gama tsorata mu." A'a. Da so nake ku zauna, da na ce ku jira fawa bayik, na san ba zai zo ba. Cewa nake ku tafi, da wanda ke jingine a zaure yanzu. Ku fara da Dutse ko Daura, kwana ɗaya ku dawo. Sannan Bauchi. Sannan tsaunin.

50/ Ranar dawowa ita ce ranar da aka fi karya doka, jiki ya gaji, ɗokin gida ya kama ka, hanya kuma ka san ta. In la'asar sakaliya ta same ka a Dawanau, kada ka ce ai saura awa ɗaya. Masu gadin bakin gari ba su san ƙarar mashin ɗinka ba. Juya ka kwana a Kano wajen ɗan'uwa, da hantsi ka shigo Tsanyawa ana ganin fuskarka.